Me Ke Kayar da Jirgin Leƙen Asiri Mai Inji Biyu?

Ranar Lahadi 21 ga Fabrairun 2021, wani jirgin Rundunar Sojin Saman Najeriya ƙirar Beechcraft King Air 350 ya tashi daga Abuja zuwa Minna, domin shawagin neman ɗalibai da ma'aikatan Kwalejin Kimiyya ta Kagara da 'yan bindiga suka kwashe kwana huɗu kafin nan. Bai yi nisa ba matuƙin ya sanar da hasumiya cewa inji ya samu matsala. Ya juyo, amma bai kai titin sauka na filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba. Mutum bakwai ne a ciki, babu wanda ya tsira. Wata uku cif bayan haka, ranar 21 ga Mayu, wani jirgin irinsa ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna cikin mummunan yanayi, ya yi ajalin Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma. Wannan na biyun jigilar manyan hafsoshi yake yi, ba leƙen asiri ba, amma gangar jikin ɗaya ce.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka ji labarin faɗuwar irin wannan jirgi, ko a nan ko a waje, kamar wanda ya faɗi a kudancin Filifin a Fabrairun 2025 yana yi wa sojin Amurka aikin tattara bayanai, tambayoyin nan su ne ke dawowa. In jirgi yana da inji biyu, don me mutuwar guda za ta kai shi ƙasa? Ƙirar ce ba ta da inganci? Kuma me ya sa soja ke riƙe da jirgi mai farfela a zamanin jet da jirage marasa matuƙi?

## Wane irin jirgi ne wannan?

Injinsa a ciki injin jet ne: yana zuƙar iska, ya matse ta, ya ƙona ta da man jirgi, wanda dangin kananzir ne. Bambancin shi ne, maimakon hucin da ke fita ta baya ya tura jirgin, ana amfani da shi wajen juya farfela. Irin wannan inji ba ya kai jet gudu, amma bai kai shi shan mai ba, yana iya tashi daga gajeren titi, kuma yana jure tafiya a hankali na sa'o'i masu yawa. Aikin leƙen asiri kuwa abin da yake so ke nan. Ba a son jirgin da zai wuce fuu. Ana son wanda zai tsaya a saman daji guda yana kewayawa, kyamara na kallon bukka ɗaya ko ayarin babura ɗaya har sai an gane ko su wane ne.

King Air 350 an ƙera shi a Wichita ta jihar Kansas, yana ɗauke da injin PT6A-60A guda biyu na kamfanin Pratt & Whitney Canada, kowanne da ƙarfin doki 1,050, kuma yana iya hawa ƙafa 35,000. Dangin King Air suna tashi tun 1964, kuma an ƙera dubbai. 'Yan kasuwa da asibitocin tafi-da-gidanka da gwamnatoci suna amfani da shi a ko'ina, don haka zancen cewa ƙirar ce ba ta da kyau bai da madogara. Amurka ta mayar da shi jirgin leƙen asiri mai suna MC-12W, ta kuma mayar da ɗan'uwansa King Air 200 jirgin RC-12 mai sauraren sadarwa. Birtaniya ta sa wa nata suna Shadow R1. Najeriya, ban da King Air, tana da ATR 42 na sintiri, wanda shi ma mai farfela biyu ne, sai dai ya fi girma.

Kafin wannan zamani akwai jirgin da aka ƙera musamman don wannan aiki, wato Grumman OV-1 Mohawk na sojin ƙasan Amurka, wanda ya fara tashi a 1959, ya yi yaƙin Biyetnam, aka yi masa ritaya a 1996. Mutum biyu yake ɗauka, kuma kowannensu yana zaune a kan kujerar da ke cilla mutum waje da lema idan abu ya ɓaci. King Air ba shi da wannan. Jirgin fasinja ne aka sa wa kayan soja, kuma wanda ke cikinsa ba shi da hanyar fita sai jirgin ya sauka.

## Nauyi, turjiyar iska da tafiyar hawainiya

A nan ne bambanci tsakanin King Air na ɗan kasuwa da na leƙen asiri yake. Na ɗan kasuwa yana tashi, ya hau sama, ya miƙe da gudu, ya sauka. Na leƙen asiri an rataya masa ƙwallon kyamara a ƙarƙashin ciki, an kafa masa eriya-eriya, wani an ɗora masa tulun sadarwar tauraron ɗan'adam a gadon baya, an cika cikinsa da kwamfutoci da allunan kallo. Mafi girman nauyin da aka yarda King Air 350 ya tashi da shi kilo 6,800 ne da 'yan kai; samfurin 350ER, mai ƙarin tankunan mai, yana kaiwa kusan kilo 7,500. Jirgin leƙen asiri kusan kullum a bakin wannan iyaka yake tashi, saboda ana son ya daɗe a sama. Kowace eriya kuma tana ƙara turjiyar iska.

Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar da ke bi ta kan fiffike a kwance. Idan gudu ya ragu, matuƙi yana ɗaga hancin jirgi don fiffiken ya ci gaba da ɗaukar nauyi. Akwai iyakar da in an wuce ta iskar ke suɓucewa daga bayan fiffike, ɗagawa ta gushe, jirgi ya fara faɗuwa ko da injinansa biyu lafiyarsu ƙalau. Nauyi yana matso da wannan iyaka kusa. Karkata jirgi don yin kwana ma haka: karkatar digiri 30 tana ƙara gudun da ake buƙata da kusan kashi 7 cikin 100, ta digiri 45 kusan kashi 19, ta digiri 60 kuma kashi 41. To jirgin leƙen asiri aikinsa ke nan, nauyi da kewayawa da tafiya a hankali, duk a lokaci guda, awa bayan awa.

Haɗarin da ya fi fito da wannan fili shi ne na ranar 27 ga Afrilun 2013 a lardin Zabul na Afganistan. Wani MC-12W na sojin saman Amurka da ya taso daga Kandahar yana kewayawa ta hagu a tsayin ƙafa 20,000, sai gajimare ya rufe shi, aka yanke shawarar hawa ƙafa 23,000. An umarci na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta hau da wani adadin ƙafa a kowane minti. Na'urar ba ruwanta da gudu a wannan tsari. Abin da aka ce mata shi ne ta hau, don haka ta yi ta ɗaga hanci. Gudu ya sauko daga kimanin kilomita 278 a awa zuwa kimanin 215. Kafin a farga jirgin ya karkata sosai, iska ta suɓuce, ya shiga wulwulawa ƙasa cikin gajimaren da ba a ganin sama balle ƙasa. Duka mutum huɗun sun mutu. Babu wanda ya harbe su, babu injin da ya mutu.

Rahoton binciken ya taɓo wani abu da ya wuce kuskuren minti biyu. Shirin MC-12W an yi shi ne da gaggawa, daga 2008 zuwa tashin farko a fagen daga na Iraƙi a watan Yunin 2009, kuma ana aro matuƙa daga wasu jirage su yi wa'adi su koma. Matuƙan biyu ƙwararru ne a jiragensu na asali, amma sabawarsu da wannan jirgi, da nauyinsa da turjiyarsa, ba ta kai ba. Awa dubu a wani jirgi ba ta zama awa dubu a wannan. Shi ya sa rundunonin da suka ɗauki darasi suke kafa mafi ƙarancin gudun da ba a yarda a sauka ƙasa da shi yayin kewaye, su iyakance karkata, su kuma wajabta cewa kowane lokaci akwai matuƙi guda da idonsa ke kan gejin gudu kaɗai, komai daɗin abin da kyamara ke nunawa.

## Idan inji ɗaya ya mutu

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mutane, kuma amsarta tana da fuska biyu. Gaskiya ne King Air 350 an tabbatar yana iya tashi, ya hau, ya sauka da inji ɗaya, matuƙar nauyinsa bai wuce abin da littafinsa ya yarda ba a irin zafin wannan rana da tsayin wannan fili. Amma inji na biyu ba ya ceton jirgi da kansa. Sai matuƙi ya yi abin da ya dace cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Injinan suna kan fikafikai ne, dama da hagu, ba a tsakiya ba. Wanda ya taɓa ganin garmar shanu ya san abin da ke faruwa idan sa guda ya durƙusa, ɗayan kuma yana ja da ƙarfinsa: garma ba ta tafiya gaba, sai ta murɗe ta wajen wanda ya faɗi. Haka hancin jirgi ke murɗewa ta ɓangaren injin da ya mutu, fiffiken wannan ɓangaren kuma ya fara yin ƙasa. Abin da ke gyara wannan shi ne allon da ke jikin jelar jirgi, wanda matuƙi ke juyawa da feda biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa. Allon kuwa da iska yake aiki. In gudu ya yi ƙasa da wani mataki, ko an take feda har ƙarshe ba zai iya rinjayar injin da ke raye ba, sai jirgi ya kife. A King Air 350 wannan mataki yana wajen kilomita 174 a awa. Akwai kuma gudun da jirgi ya fi iya hawa da inji ɗaya, wajen kilomita 231 a awa, wanda ake yi wa alama da shuɗin layi a geji. Tsakanin waɗannan lambobi biyu rayuwar mutanen ciki take, musamman a daƙiƙoƙin farko bayan barin ƙasa, lokacin da jirgi yake da nauyi, gudu bai taru ba, kuma babu tsayin da za a sayar a sayi gudu.

Sai farfelar injin da ya mutu. In an bar ta, iska ke juya ta, kuma tana riƙe jirgi fiye da yadda mutum zai zata. Dole a juya fuka-fukanta su fuskanci iska da kaifinsu, ta tsaya cak. King Air yana da na'urar da ke yin wannan da kanta, da wata da ke taimaka wa ƙafar matuƙi wajen tura allon jela, amma sai an kunna su an gwada su kafin tashi. Injin hagu ya fi haɗari idan ya mutu, saboda yadda farfelun biyu ke juyawa ta hanya ɗaya yana sa turin injin dama ya fi nisa da tsakiyar jirgi, murɗewar ta fi ƙarfi.

Tsarin da ake koyarwa bai da tsawo: riƙe jirgi ya miƙe, ba da cikakkiyar wuta, ɗage tayoyi, gano injin da ya mutu, tabbatar da shi, sannan a kashe shi. Matuƙa suna da ƙa'ida mai sauƙi: ƙafar da ba ta aikin komai a kan feda, ɓangarenta ne injin ya mutu. Matakin tabbatarwa shi ne wanda firgici ke cinyewa. A Fabrairun 2015 wani ATR 72 na kamfanin TransAsia ya tashi daga Taipei, inji ɗaya ya samu matsala, matuƙan suka rage wutar mai lafiyar suka kashe shi. Mutum 43 suka mutu a kogin Keelung. A ranar 30 ga Yunin 2019 a Addison ta jihar Texas, wani King Air 350 na farar hula ya rasa ƙarfin injin hagu yana barin ƙasa, matuƙin ya taka fedar da ba ita ba, jirgin ya kife a kan rumfar ajiye jirage. Tafiyar ba ta kai rabin minti ba, mutum goma suka mutu, kuma masu bincike sun gano ba a bi jerin abubuwan dubawa ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a wannan jirgi da ya cancanci a duba shi kusa. A gefen sandunan totur akwai wani maɓalli da ake murɗawa don ya riƙe su kada su motsa. In ya yi sako-sako, to da zarar matuƙi ya ɗauke hannu daga totur don ya kama sitiyari da hannu biyu ko ya ɗage tayoyi, sandar tana iya zamewa baya da kanta, injin ya rage wuta. A kunne da jiki, kamar inji ne ya mutu, alhali lafiyarsa lau. Tura sandar gaba kawai ake buƙata. Masu binciken Addison sun ambaci wannan a cikin abubuwan da ka iya zama sanadi. Makamancinsa ya faru a Essendon ta Ostireliya a Fabrairun 2017, inda wani King Air B200 ya tashi alhali ƙaramin abin daidaita allon jela yana murɗe gaba ɗaya ta hagu, ba a lura ba. Ya faɗa kan rukunin shaguna, mutum biyar suka mutu. Duka biyun layi ɗaya ne a takardar da ake karantawa kafin tashi. Ba a son gwada mutuwar inji a bakin ƙasa da jirgi na gaske, domin gwajin kansa yana iya kisa. A na'urar kwaikwayon tuƙi ake yinsa, a maimaita har ƙafa ta riga tunani, kuma rundunar da ta rage kuɗin tura matuƙanta wannan horo ta rage amfanin injin na biyu.

## Zafi, hazo da guguwar damina

Littafin jirgi yana lissafi ne daga ma'aunin zafi digiri 15 a tsayin bakin teku. Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu suna wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike yana samun ƙarancin ɗagawa, farfela ƙarancin abin kamawa, inji kuma yana kaiwa iyakar zafin cikinsa kafin ya ba da duk ƙarfinsa. Filin da ke kan tudu kamar na Jos yana ƙara wannan. Nauyin da jirgi zai iya hawa da shi da inji ɗaya da asuba, da azahar ba lallai ya iya ba. Maganin shi ne a rage mai ko a jira sanyi, kuma duka biyun suna cin karo da buƙatar kwamandan da ke son jirgi ya tashi yanzu, ya kuma daɗe.

Hazon hunturu yana rage gani wajen sauka, yana kuma dushe kyamara, abin da ke jan matuƙi ya sauko ƙasa. Ƙurar tana cin fuka-fukan kwamfaresa, wato sashen injin da ke matse iska, a hankali, shi ya sa ake wanke cikin inji a kai a kai. Injin PT6A-60A ana buɗe sashensa mai zafi a duba bayan awa 1,800, a yi masa garambawul bayan awa 3,600, kuma jirgin da ke shawagi kullum yana cinye waɗannan awoyi da wuri. Kayan da aka ƙara wa jirgi su ma suna da nasu sabis. Jirgin leƙen asiri ƙirar Fairchild Merlin da ya faɗi a Malta a Oktoban 2016 yana yi wa Faransa aiki, ya kashe mutum biyar, masu bincike sun danganta matsalarsa da sauye-sauyen da aka yi masa da kuma gyaran da bai dace da su ba.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne ƙanƙara. Zafi yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, don haka ko ana zufa a ƙasa, a tsayin ƙafa 20,000 an kai sifili ko ƙasa da haka. Jirgin da ke kewayawa cikin gajimaren damina yana iya tara ƙanƙara a bakin fiffike, ita kuma tana sa iska ta suɓuce tun gudu bai ragu sosai ba. Guguwar farkon damina, mai tasowa daga gabas a jere, ta fi wannan haɗari: a ƙarƙashinta iska tana iya juyawa farat ɗaya ta danna jirgin da ke shirin sauka. Ba a ratsa ta, kewaye ta ake yi, ko a koma wani fili, kuma wannan yana nufin a bar wurin aiki da sauran mai a tanki ko da abin da ake bi bai ƙare ba.

## Mutanen da ke ciki

A MC-12W mutum huɗu ne: matuƙa biyu, mai sarrafa kyamara, da mai sauraren sadarwa. Rediyo da yawa suna magana lokaci guda, wani lokaci da muryar sojan da ake harbi a ƙasa. Hankalin kowa yana son komawa kan allo. Bayan awa shida ana kewaya wuri ɗaya, musamman da dare, gajiya tana rage saurin lura, kuma mafi wuyar aikin, wato sauka, yana jira a ƙarshe. Don haka ake ƙayyade awoyin aiki da na hutu. Kunnen ciki ma yana yaudara: in an daɗe ana kwana a duhu ko cikin gajimare, jiki yana ɗaukar karkatar a matsayin miƙe, sai matuƙi ya yarda da geji ya ƙaryata jikinsa.

Sai iskar shaƙa. Cikin jirgin a matse yake da iska. In matsin ya zube a tsayin ƙafa 25,000, mutum yana da minti uku zuwa biyar na cikakken hankali, kuma ba ya jin yana shaƙewa, sai dai kasala. A Satumban 2000 wani King Air ya tashi daga Perth ta Ostireliya, kowa a ciki ya suma, jirgin ya yi ta tafiya shi kaɗai har mai ya ƙare a jihar Queensland. Mutum takwas suka mutu.

A gidan soja akwai ƙarin matsala ta muƙami. Tsaron jirgi yana buƙatar ƙaramin hafsa ya iya ce wa babba gudu ya ragu, ko ya ce ba za a sauka a wannan yanayi ba, ko da janar ne a kujerar baya. Horon soja kuwa biyayya yake koyarwa. Rundunonin da suka magance wannan sun rubuta shi ne a doka: a cikin jirgi, maganar kwamandan jirgin ita ce ta ƙarshe.

## Inda ake saɓani

Saɓani na farko a kan tsayi ne. Saukowa ƙasa yana ba da hoto mai kyau, amma yana kusanto jirgi da bindigogin kakkaɓo jirage da ake ɗorawa a bayan mota. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo wani Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙinsa ya tsira saboda yana da kujerar cillawa. Masu goyon bayan tsayawa sama suna cewa kyamarorin yau suna gani daga nesa. Masu aiki a hazo da daji mai duhuwa suna cewa ba kullum ba.

Na biyu shi ne ko jirage marasa matuƙi sun maye gurbin waɗannan. Hujjar masu cewa e a fili take: Wing Loong II ko Bayraktar TB2 suna iya kwana a sama, kuma in sun faɗi babu gawa. Masu cewa a'a suna nuna cewa jirgi mai mutane ya fi saurin isa wurin aiki, ya fi ɗaukar kaya, ya fi jure mummunan yanayi, ba ya dogara da igiyar sadarwar da ka iya yankewa, kuma yana iya shiga sararin da jiragen fasinja ke bi ba tare da wahala ba. Abin da ake gani a aikace shi ne yawancin rundunoni suna riƙe da duka biyun.

Na uku, wanda ya fi shafar mai karatu, shi ne sirrin bincike. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta cire jiragen soja daga dokokin farar hula, don haka yarjejeniyar ba ta tilasta wa wata runduna ta wallafa rahoton haɗari ba. Bayan haɗarin Kaduna an gayyaci Hukumar Binciken Haɗurra ta farar hula, AIB, wadda yanzu ta zama NSIB, kuma ta miƙa rahoton wucin gadi ga Babban Hafsan Sojin Sama, Iya Mashal Oladayo Amao, a Satumban 2021, ba tare da an baje abin da ke ciki ga jama'a ba. Masu kare sirri suna cewa rahoto yana iya tona kayan aiki da raunin runduna, kuma shaidu ba za su saki baki ba in sun san maganarsu za ta fita jarida. Masu neman a wallafa suna cewa rashin bayani ne ke haifar da jita-jitar maƙarƙashiya, kuma iyalan mamata suna da haƙƙin sani. Sojin saman Amurka sun raba abin biyu: bincike ɗaya na sirri don gyara, wani kuma da ake fitarwa. Ta wannan na biyun ne duniya ta san abin da ya faru a Zabul.

## Abin da ya shafi talaka

Irin waɗannan jirage ba su da yawa a hannun kowace runduna a yankinmu. Faɗuwar guda tana nufin awoyin sa ido sun ragu a kan dazuzzukan Zamfara, Katsina, Neja da gaɓar Tafkin Chadi, kuma ma'aikatan da suka tafi da shi sai an yi shekaru kafin a horar da madadinsu. Kuɗin sayen sabo, da dala ake biya, daga baitulmali yake fitowa.

Ingancin leƙen asiri kuma shi ne ke gaban kowane farmaki ta sama. Abin da ya faru a Rann a Janairun 2017 da Tudun Biri a Disamban 2023, inda aka kashe fararen hula da yawa bisa kuskure, ya nuna tsadar rashin tantance waɗanda ke ƙasa. Ma'aikatan da suka huta, a cikin jirgin da ba ya ba su tsoro, da isasshen man da zai bar su su daɗe suna kallo, sun fi iya bambance taron Mauludi da taron 'yan bindiga.

Mazauna unguwannin da ke daidai bakin titin jirgi su ne suka fi kusa da haɗarin tashi da sauka, shi ya sa ake hana gini a waɗannan wurare, dokar da faɗaɗar birane ke yawan takewa. In kuma jirgi ya faɗi kusa da gari, tarkacensa yana ɗauke da tan-tan na mai, tulunan iskar oksijin da batura masu iya fashewa bayan wutar farko ta lafa, hayaƙinsa kuma guba ne. Duk guntun ƙarfen da aka ɗauke ko aka gusar daga inda ya faɗi, an rage wa masu bincike hujja: daga kusurwar da fuka-fukan farfela suka tsaya, da yadda suka lanƙwashe, ake gane ko injin yana ba da wuta lokacin da ya bugi ƙasa.